Daga Kano zuwa Damagaram

Mun tashi daga Kano da asuba a motar haya, muka bi ta Kazaure zuwa Daura, inda na leƙa Rijiyar Kusugu a gurguje yayin da direba yake shan mai. A Kwangwalam aka duba takardunmu, muka ƙetara Ɗan Barto na canji nairata zuwa sefa, sannan muka miƙe ta Matamaye, ba mu shiga Damagaram ba sai bayan azahar.

A cikin garuruwan da na taɓa takawa, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar wannan, musamman unguwar Birni, inda lunguna suke kewaya manyan duwatsu, gidajen ƙasa kuma suke ɗauke da zane a goshin zaurukansu. Mutanen garin har yau suna ambaton Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa, ya kuma sa maƙeransa suka ƙera masa igwa. Nan ce hedikwatar mulkin Faransawa a Nijar har 1926, lokacin da suka mayar da ita Yamai, kuma a ganina wannan ƙaurar ta taimaka wa tsohon garin ya riƙe kamanninsa.

Ranar Juma'a na je ƙofar fada domin kallon dawakai, wanda shi ne abin da na fi so a cikin al'adunmu. Kafin mahaya su fito, na tarar da wani dattijo a gindin turke yana ɗaura wa wani doki danda sirdi, yana ja masa majayi, wato maɗaurin sirdi, a hankali, dokin kuwa yana kumbura ciki kamar yadda masu wayonsu suke yi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a ba shi ɗan lokaci, zai saki cikin." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kai ma ɗan gidan doki ne ke nan."

Haka ne kuwa, domin da danda na tashi a gidanmu. Ni ne mai kai masa harawa da safe, in jiƙa masa dusa da kanwa da yamma, in kai shi rafi wanka ranar da babu makaranta. Ya san takuna tun daga zaure, sai ya fara haniniya yana tona ƙasa da kofato, kuma idan na matso sai ya cusa hancinsa cikin aljihun rigata yana neman guntun rake. Farin 1984 ne ya raba mu, domin harawa ta yi tsadar da mahaifinmu ba zai iya ciyar da iyali da doki tare ba, sai ya sayar da shi ga wani farke, ya kuma zaɓi ranar da nake makaranta.

Da na ba dattijon wannan labari, sai ya miƙo mini ragama ya ce in riƙe masa har ya sa linzami. Na riƙe, muka ci gaba da hirar farashin gero da harawa a bana, har aka buga tambari, dogarai suka fara buɗe hanya, ya karɓi dokinsa ya ja shi zuwa ƙofar fada.