Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Randar Inna

Makon jiya na tsaya ne a inda na koma karatun digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, amma sai na fara sauke maganar Kawu, don ita ta hana ni barci jiya. Ranar sunan 'yar Yaya, zaure cike da mutane, ya dube ni ya ce, "Kai har yanzu ruwa mai kala kake dafawa? Sa'o'inka sun yi gini a Fadamar Mada." Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Kawu."

Ruwan mai kala kuwa ga shi. Sinadarai biyu, salisilaldihaid da amin, nake haɗawa a cikin ruwan itanol, in dafa na 'yan awoyi har wani abu rawaya ya kwanta a gindin kwalba. Shi ake kira da sunan Hugo Schiff, wanda ya fara bayanin irinsa a 1864. Sai in zuba gishirin ƙarfen nikel, mai launin kore, nan take ruwan ya rine ya koma ja. Abin nan rawaya ya cafke ƙarfen ke nan, kamar yadda awartaki ke riƙe ƙarfe a maƙera. Wannan ko ɗan aji uku zai yi.

Wuyar tana wajen kiristal. Gari ba zai nuna maka inda kowace zarra, wato ƙwayar atom, ta zauna ba. Ƙwaya guda ake so, lafiyayya, ba tsaga, wadda ba ta kai rabin milimita ba. Ka narkar da garin, ka zuba a 'yar kwalba, ka rufe, ka huda murfin da allura, ka tafi ka bar shi ya bushe a hankali. To wane a hankali a Bauchi cikin Afrilu? Kwana biyu ruwan ya ƙafe, sai gari. Da hunturu ƙura ke shiga, kowace ƙwayar ƙura ta zama iri, su fito ɗari a cure kamar tsakin masara. In an ɗauke wuta kuma aka tayar da janareta, teburin ya yi ta rawa. Wata takwas ina wannan. Duk ranar da na kankare gari daga kwalba sai in ji muryar Kawu: ruwa mai kala.

Inna ce, Allah ya jiƙanta, ta ga na rame. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, cewa sanyi nake nema da wurin da ba motsi. Ta ce, "Ɗan nan, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ɗauko tsohuwar randar can da ba a shan ruwanta." Muka girke ta a ƙuryar ɗaki a kan jiƙaƙƙen yashi, na jera kwalabe shida a ciki, ta kife faifai. Ita ke yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma, ta kafa wa jikoki doka. Ranar kwana 19 na haska tocila, sai ga wasu 'yan jajaye uku suna ƙyalli a jikin kwalba ta huɗu. Hannuna har rawa yake.

Injin da ke gano mazaunin zarra a kiristal ba mu da shi kusa, Afirka ta Kudu aka aika ƙwayar. Hasken eksire ake harba wa ƙwayar, ya tarwatse ya bar ɗige-ɗige, kwamfuta ta lissafo mazaunin zarra daga ɗigon. Masanin kimiyya Bragg da ɗansa suka ci kyautar Nobel a kan wannan a 1915, uba da ɗa, ni kuwa ana yi mini dariya a zaure. Da sakamakon ya dawo na buɗe hoton: nikel a tsakiya, naitrojin biyu, oksijin biyu, duk a shimfiɗe kamar tabarma. Inna ba ta gani ba, ta rasu saura wata biyu. Dutsen ya dahu, romon ni kaɗai na sha.

Bara Kawu ya aiko mini jikansa, wai kimiyya ke ba shi wuya, in taimaka. Na karɓe shi. Ranar farko na sa shi ya ɗiga amoniya a ruwan gishirin jan ƙarfe har ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, na ce in ya je gida ya gaya wa kakansa abin da ya dafa yau.