Kafin ku goya jaka ku kama doguwar hanya

Ƙannena, ku nake nufi da wannan magana, ku da har yanzu kuke hawa bene da gudu ba ku ma san kuna da gwiwa ba. Na san a cikinku akwai masu burin wata rana su yi doguwar tafiyar ƙasa, irin wadda mutum zai goya kayansa ya yi ta tattaki mako da makonni, ya hau tsauni ya gangara kwari. Ni ma na daɗe da wannan buri, amma ban tashi cika shi ba sai da na haye shekara 40, teɓa ta fito, ɗaure igiyar takalmi ma ta fara sa ni haki. Na yi tafiyar daga baya, na kuma gode wa Allah, sai dai na ɓata lokaci mai yawa, na wahalar da jikina a banza, kuma ba na so ku bi ta inda na bi.

Ku fara cire wa ranku cewa shekaru ne ke hana mutum. A ƙasar Sifaniya akwai hanyar Santiago, wadda reshenta mafi shahara ya kai wajen kilomita 780 daga gindin duwatsun da ke iyakar Faransa, kuma da yawa daga masu bin ta sun manyanta. A Amurka akwai hanyar duwatsun Afalashiya, kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. A 1955 wata dattijuwa, Emma Gatewood, ta taka ta daga farko har ƙarshe ita kaɗai tana da shekara 67. Amma a wannan hanyar, cikin mutum huɗu da suka tashi da niyyar gama ta a zuwa ɗaya, kusan ɗaya ne ke kai wa ƙarshe, kuma cikin masu sarewa har da samari majiya ƙarfi. Shiri ne ke raba su.

Babban kuskurena shi ne na ɗauka sikeli ne alƙalin shirin. Kullum da safe sai na hau, in allura ta yi ƙasa in yi murna, in ta tsaya raina ya ɓaci har yamma. Don in ga ta motsa da sauri sai na shiga horar da kaina da yunwa: in tsallake karin kumallo, in ɗan taɓa wani abu da rana, sannan in fita tattaki da cikin da babu komai. A makonnin farko nauyi ya zube sosai, mutane suna ta cewa na faɗa, ni kuwa ina jin daɗi. Ban san cewa mafi yawan abin da ke fara tafiya ruwa ba ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci) wajen 7,700, ba abin da zai narke cikin kwana biyu ba ne. In ka matsa wa jiki da yunwa kuma ba ka ba tsoka aikin ƙarfi, to ba kitse kaɗai zai ci ba, har da tsokar. Ga shi kuwa tun daga shekara 30 tsoka take fara raguwa da kanta, tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara 10, in mutum ba ya motsa ta. Ni da ya kamata in tattala abin da ya rage mini, sai na taya shekaru kwashe shi.

Na gane haka ne ranar da na fara goya jaka da kaya na nufi wani tudu da ba shi da wani tsayi. Wandona ya yi mini yawa, amma cinyoyina suna rawa tun ban kai rabi ba. Na zauna a kan dutse ina jin jiri, hannuna na karkarwa har na kasa kwance marfin gorar ruwa da sauri. Na fi da rashin nauyi, kuma na fi da rauni.

Kada ku fahimce ni a baibai, rage ƙiba yana da amfani ƙwarai ga mai wannan tafiya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005, a kan manya masu ƙiba da ciwon gwiwa, ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Kilomita ɗaya kuwa ta haura taku 1,200. Ku lissafa da kanku abin da gwiwa za ta huta da shi a yini guda. Abin da nake cewa shi ne a bi a hankali: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, kuma ga wanda ke atisaye mai nauyi rabin kilon ya fi masa. Da na dawo hayyacina, abin da na yi ba shi da wani ban mamaki. Na bar kayan zaƙi na sha, na rage cin dare da ciye-ciyen da ba yunwa ce ke sa su ba, na tabbatar kowane cin abinci akwai mai gina jiki a ciki, ƙwai ko kifi ko wake ko nama, da ganye mai yawa. Mai atisaye yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin irin waɗannan abinci, wajen giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Na kuma gyara barcina, don duk daren da ban samu awa 7 ba, washegari kwaɗayi ne ke juya ni. Sikeli kuwa na mayar da shi sau ɗaya a mako, na koma auna ƙugu da tef, daidai saman cibiya kaɗan. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada faɗin zagayen ƙugunka ya kai rabin tsayinka.

Daga nan sai gaggawa ta sake kama ni ta wata ƙofar. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki. Cikin 'yan makonni haki ya ragu, na ji kamar zan iya komai, sai na ninka nisan da nake yi. Abin da ban sani ba shi ne jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da su kansu ƙasusuwan, ba sa saurin ƙarfafa haka, watanni suke bukata, kuma bayan shekara 40 sun fi jinkirin warkewa. Agarata ta fara tsami, sannan dunduniyar hagu. Ciwon yana da wata alama da ya kamata ku riƙe: takun farko da safe, in ka sauko daga gado, shi ne mafi zafi, sai ka dafa bango ka ɗingisa, bayan 'yan mintuna ya lafa har ka ce ai babu komai. Wannan lafawar ce ta yaudare ni. Na riƙa shan maganin kashe zafi ina fita, ciwon yana ƙaruwa a ɓoye, har sai da ya zaunar da ni wata da watanni, duk abin da na gina ya fara rushewa. Likitan da na gani daga baya ya ja mini kunne a kan wani abin kuma: magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su jiki na zubar da gumi ba isasshen ruwa, suna iya taɓa ƙoda, ban da gyambon ciki. Tsamin jiki na atisaye daban yake, yakan kama ɓangarorin biyu, ya tsananta kwana ɗaya zuwa 3, ya wuce. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, ko ya sauya maka tafiya, ko ya zo da kumburi, wannan a tsaya ake yi a nemi mai ilimin abin. Masu horar da 'yan gudu suna da ƙa'idar kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari na nisa a mako. Ba doka ce daga sama ba, amma da na bi ta da ban kwanta ba.

Akwai kuma abin da na raina, wato ɗaga nauyi. A ganina a lokacin, mai son tafiya tafiya kawai zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kowa ya san wannan, amma a cikin shawarar akwai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kuma nan ne yawancinmu muke kau da kai. Ba sai ka je gidan motsa jiki ba. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka maimaita har cinya ta yi zafi, daga baya ka rungumi jaka mai nauyi kana yi. Ka tsaya a bakin matakala ka ɗaga dugaduganka ka sauke su sannu sannu. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana goge baki, don idon sawu ya koyi riƙe ka a kan duwatsu. Wanda ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne sauka daga matakala da ƙafa ɗaya a hankali, kana ƙirga uku kafin ɗaya ƙafar ta taɓa ƙasa. Dalili kuwa, kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke cin mutum. A gangara tsokar gaban cinya tana aikin birki, tana miƙewa tana riƙe nauyinka da na kayanka a lokaci guda, kuma irin wannan aiki ne ya fi barin tsami da ciwon gwiwa. Sanduna biyu na tafiya suna rage wa gwiwa wannan wahala. Na daɗe ina ƙin riƙe su don kada a ce na tsufa, wanda girman kai ne kawai.

Maganar taku 10,000 a yini ma ta ruɗe ni. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Yana da kyau ga lafiyar yau da kullum, amma taku 10,000 a shimfiɗaɗɗen titi, hannu na lilo, ba su shirya ka wa tsauni da kaya a baya. Tun 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya ba da lissafin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafin na mai ƙarfi ne wanda ba ya tsayawa hutu, don haka mu sai mu ƙara a kai. Ku yi atisaye da jakar da za ku tafi da ita, ku fara da nauyi kaɗan kuna ƙarawa, kuma kada cikakken kayanku ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinku, in ya gaza haka ma ya fi. Sannan ku gwada tafiya mai nisa kwana biyu a jere. Yini ɗaya kowa zai iya cije haƙori ya yi. Safiya ta biyu, da ƙafa ta kumbura, kafaɗa ta yi tsami, kuma dole a sake goya jakar, ita ce ke gaya maka gaskiyar inda shirinka ya kai.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa takalmi na saya ana saura 'yan kwanaki in tashi, kuma daidai ƙafata cif. Ƙafa tana kumbura in an yini ana tafiya, a gangara kuma yatsu suna zamewa gaba suna dukan bakin takalmin. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya fita. Ku gwada takalmi da yamma, sanye da safar da za ku yi tafiyar da ita, ku bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba, ku kuma taka shi makonni kafin ranar. Safar auduga tana riƙe gumi, danshi da guga kuwa su ne ke kawo bororo, don haka ta ulu ko ta zaren roba ta fi. Da zarar kun ji wani wuri a ƙafa ya fara ɗumi yana zogi, ku zauna nan take, ku cire takalmi, ku busar da ƙafar, ku manna filasta. Minti biyar ne. Ni kunyar tsayar da abokan tafiya ta sa na yi shiru, na kai masauki safa ta manne da fata, sai da na jiƙa ta da ruwa kafin ta fita.

A kan hanya kuma a ajiye batun rage ƙiba gaba ɗaya. Jikin da ke tafiya awa 6 ko 8 da kaya abinci yake so, kaɗan kaɗan a kai a kai. Ruwa ma da iyakarsa: wanda ke ta ɗirka ruwa zalla yana zubar da gumi ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga halaka. Ku sha gwargwadon ƙishirwa, ku ci abu mai ɗan gishiri, ku lura da launin fitsari.

Da na fara duk wannan ban je an auna ni ba, wanda ganganci ne. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da 140 bisa 90 ko fiye bai ji komai ba. Duk wanda ya kai tsakiyar shekaru, ko yake da ciwon suga, ko ciwon zuciya a danginsu, ya ga likita kafin ya fara atisaye mai tsanani, musamman mai shan maganin suga, don doguwar tafiya na iya faɗar da sugansa. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke fiye da ƙima, ko jiri, ba abin daurewa ba ne.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne bayan an dawo. Tafiya ta ƙare amma cin da jiki ya saba da shi a hanya bai ƙare ba, ni kuma na ajiye takalmi na ce hutu nake yi. Kafin in ankara rabin abin da na rage ya dawo. Yanzu ko babu wata tafiya a gabana, ina ɗaga nauyi sau biyu a mako, ina goya jaka in nemi tudu a ƙarshen mako. Ku da kuke 20 da wani abu ko 30, wannan ɗin kaɗai za ku fara tun yanzu, tun tsokarku da jijiyoyinku suna karɓar horo da sauri, sai ku ƙara nisa da nauyin jaka in lokacin tafiyar ya matso, wata 4 zuwa 6 kafin ranar tashi.