Kafin ka sa gida a kasuwa, fara duba inda ruwa ke bi

Ni sana'ata gyaran gida ce a nan Kano, ba na ɗaukar gini daga tushe. Yara biyar nake aiki da su, masu fenti biyu, birkila ɗaya, mai famfo da mai wayarin, ni kuma ni ke zirga-zirgar Ƙofar Ruwa sayo kaya don ban yarda in aiki kowa ba. Yawancin masu kirana ko mutum zai sayar da gida ne, ko zai zuba 'yan haya, ko kuma magada ne suke so a ɗan kimtsa gidan kafin dillalai su fara kawo mutane.

Toh abin da kullum muke rigima da masu gida a kai shi ne fenti. Kowa da ya kira ka sai ya ce a zo a shafe gidan. Akwai wani dattijo a Rijiyar Zaki, shi ma haka ya ce, har da a yi masa POP, wato silin ɗin ado na farar filasta, a falo da fitilu masu launi. Ina ɗaga kai na ga silin ya yi taswira ruwan kasa a kusurwa biyu. Na ce Alhaji don Allah a ba ni tsani tukuna. Da na hau sai ga ƙusoshin kwano sun saki, indararo kuma ya cika da ganyen darbejiya da ƙasar hunturu, ruwa ba ya samun hanya sai ya koma ciki. Na ce ranka ya daɗe in muka sa POP a ƙarƙashin wannan, watan Agusta zai sauko maka da shi a ka. Ya yi dariya ya ce kai dai ba ka son cin kuɗina. Kwano shida muka canja, muka toshe ramukan ƙusa, muka sauya silin ɗin da ya ɓaci kawai, ko rabin kuɗin POP ɗin bai ci ba.

Mai saye da ya san abin da yake yi ba falo yake fara kallo ba, silin yake kallo da gindin bango. In ya ga filasta na zubowa kamar gari daga ƙasa, wanda muke cewa gishiri ya ci bango, nan take zai fara lissafin abin da zai rage maka. Kuma wannan matsalar fenti ba ya rufe ta, ni kaina na taɓa kwasar kunya a kai. Ana gab da sallah mai gida yana ta matsa min, na shafa a kan bango mai danshi, damina na sauka ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, da kuɗina na sake aikin. Yanzu sai an fasa filastar an kankare, an gano daga ina ruwan yake, sau da yawa ma kwata ce ta toshe ko bututun banɗaki ke yoyo a cikin bango, a sake filasta da siminti mai kauri a bar shi ya sha iska sati 3 zuwa 4 kafin buroshi ya taɓa shi. Wanda ba zai iya jira ba ya nemi wani.

Bayan ruwa sai banɗaki da kicin, don in maigida ya zo da uwargida duba gida, wallahi nan ake yanke hukunci, shi yana tsakar gida yana ciniki ita tana can tana murɗa kan famfo. Ba sai an fasa komai ba. A canja tayil ɗin da ya tsage, a sa sabon kan famfo, a kwashe sokawe in ya cika don wari kaɗai ya isa ya kori mutum, a ɗora tanki ko na lita 1000 ne. A Kano gidan da ruwa ke zuwa har cikin banɗaki daban yake da wanda sai an jira mai kura.

Wuta kuma, a gyara soket da suka ƙone, a rufe wayoyin da ke lilo, in da hali a nemi mita mai kati daga kamfanin wuta na KEDCO, don ɗan haya ya tsani gadon bashin wutar wani.

Sai a ƙarshe mu zo fuska. Get a goge tsatsa a shafa jan fenti na ƙasa kafin a sa mai kyalli, katanga a yi mata kala mai haske amma ba fari tas ba, ƙurar hunturu ba ta barin fari ya yi wata biyu. A ciki ma ina hana mutane kore shar ko ruwan hoda, kai kake so, mai saye kuwa zai ga aikin sakewa ne. Ruwan madara ya ishe ka. Intalok a tsakar gida yana ɗaga gida sosai, sai dai a ba shi gangara zuwa kwata, na sha ganin wanda aka shimfiɗa ruwa na komawa ƙofar ɗaki.

Shi dattijon nan har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni yaushe za a yi masa POP ɗinsa, alhali gidan ya daɗe da sayar da shi.