Ɓeran lungu da takardar duba-gari

Sana'ata kashe ɓera da feshin ƙwari. Ina da ɗan shago a Fagge ta Kano da yara uku masu taya ni, kuma yawancin kiran da nake samu daga lungunan cikin birni ne da rumbunan 'yan hatsi a Dawanau.

Kafin in buɗe jaka nakan tambayi mai gida, "Alhaji, me ke bayan katangarka?" Amsar ba ta wuce uku: bola, kwatar da ta toshe, ko kangon gado da magada suka kasa rabawa. To a nan ɓeran yake kwana, gidanka cin abinci kawai yake zuwa. Macen ɓera kwana 21 zuwa 23 take ɗaukar ciki, don haka in na share maka ɗaki yau, wata biyu ya isa su dawo.

Iyakar aikina bakin katanga ne. Abin da ke bayanta na hukuma ne, kuma a nan mutanenmu ke tafka asara. Mutum ɗaya zai je sakatariyar ƙaramar hukuma ya ce ɓeraye sun hana shi barci. Za a jajanta masa, a ce ya sayi shinkafar ɓera, shi ke nan. Ba ma'aikacin da zai bi ɓera rami. Amma duba-gari yana da ikon shiga ya ga ƙazanta, ya rubuta takardar gargaɗi ga mai wurin, ya yanka masa wa'adi, in ya ƙi a kai shi kotu. Saboda haka nake ce wa jama'a kada su kai ƙarar ɓera, su kai ƙarar kangon da kwatar. Su haɗu gida biyar ko goma, su fara da mai unguwa, a rubuta takarda a sa hannu, a ɗauki hoto da waya, a kai sashen lafiya. In bola ce ta tumbatsa, maganar kwashe ta sai an dangana da REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha. Kwatar kuwa, ga Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, matasan layi su fito da shebur.

Ba kullum ake zuwa da wuri ba, na sani. Na ga ma'aikatan da ke son fita amma ba abin hawa. Duk da haka takardar mutum goma da hatimin mai unguwa ba ta kwana a aljihun tebur kamar kukan mutum ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake barbaɗa guba a buɗe kusa da murhu, ga yara suna rarrafe, ga kaji. Ni a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa nake sawa, jikin bango inda na ga kashinsu da baƙin maiƙon da jikinsu ke bari. Ramuka kuma siminti da fasasshiyar kwalba.

Mushen ma ba na bari a ɗauka da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, daga fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Yarana safar hannu suke sawa, su ƙulle mushen a leda mu binne shi, sannan in ce wa uwar gida ta juye garinta da shinkafarta a bokiti mai murfi tun ba mu bar gidan ba.