Godiya ga mahalarta bitarmu kan dafin bakteriya da fararen ƙwayoyin jini

Assalamu alaikum. Bita ta kammala lafiya, alhamdu lillahi. Muna godiya ga malamanmu da suka yi bayani, da likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da suka zauna har ƙarshe. Godiya ta musamman ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda suka shuka ƙwayoyin bakteriya tun kwana guda kafin zama domin kowa ya gani da idonsa.

Wadda ta tambayi dalilin da adadin fararen ƙwayoyi ke faɗuwa alhali ciwo na tsananta, Allah Ya saka miki, don tambayarki ce ta ɗauki rabin zaman. Ga amsar a rubuce kamar yadda aka nema.

A babban mutum, fararen ƙwayoyi kan kai 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini, kuma mafi yawansu nutrofil ne, masu fara isa inda cuta ta shiga. Wasu nau'o'in bakteriyar Staphylococcus aureus na fitar da wani dafi mai suna PVL, wanda Panton da Valentine suka yi bayaninsa a 1932. Dafin kashi biyu ne, LukS da LukF, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. LukS ke fara kama jikin nutrofil, sannan LukF ya biyo, huɗu daga nan huɗu daga can su haɗu su zama zobe, su huda fatar ƙwayar. Abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu, sinadaran da ta tanada don kashe bakteriya kuma su zuba kan naman mutum. Daga nan ake samun marurai masu yawan dawowa, da ciwon huhu mai cin nama. Saboda haka in majinyaci na cikin zazzaɓi mai zafi, yana tarin jini, sakamako kuma ya nuna fararen ƙwayoyi sun yi ƙasa, kada a ce sauƙi ne. Kashe su ake yi.

Ba kisa kaɗai ba ne dabarar wannan bakteriya. Akwai furotin CHIPS da ke toshe wa nutrofil hanyar jin kiran gaggawa, akwai furotin A da ke kama garkuwar IgG ta wutsiya yadda ba za ta yi amfani ba, sai sinadarin nukiliyas da ke yanka ragar DNA da nutrofil ke jefawa don kama bakteriya.

Mun gode wa waɗanda suka yi haƙuri da layi wajen gwajin katalas. Nutrofil na kashe abin da ta haɗiye da haidurojin feroksayid, katalas kuwa, sinadarin da Staphylococcus ke fitarwa, na mai da shi ruwa da iskar oksijin. Shi ya sa ɗigo ɗaya na feroksayid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari ke kumfa nan take a kan Staphylococcus, amma ba ya yi a kan bakteriyar Streptococcus, wadda ba ta da katalas. A kula: in tsinken ɗaukar bakteriya ya kwaso agar mai jini, wato abincin da ake shuka ta a kai, za a ga kumfar ƙarya, domin jajayen ƙwayoyi ma suna da katalas.

Ga masu ba da magani, maruru da ya tara mugunya sai an tsaga an fitar, ƙwayar magani kaɗai ba ta cika ratsa shi ba. A ciwo mai tsanani ana ƙara kilindamaisin ko linezolid, saboda suna hana bakteriya ƙera furotin, dafin ma ya ragu. Dangin fenisilin kuwa, in ba su kai ƙarfin da ake bukata ba, suna iya ƙara yawan PVL.

Duk wanda muka saɓa wa wajen zama ko lokaci, ya yafe mana. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Masu shirya bita