Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Bakin Aro

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na kuma ce yau zan shiga maganar gidanmu na unguwar Hausare da ke Garwa, a arewacin Kamaru, da yadda rabinsa ya fita hannunmu. Wasu daga cikin dangi sun aiko mini cewa in bar tone-tone, tunda waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya. Na ji, na kuma gode. Amma Inna ma ta tafi, kuma ba ta samu ta faɗi nata da bakinta ba, don haka ni zan faɗa.

Baba yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: "Bakin aro zanen aro ne, ba ya rufe katara." Da ita yake korar mu daga zaure, mu tafi Fulɓere, unguwar Fulani, mu yi wasa da yaran can. Shi kansa da ya sauka Garwa daga Kano ta hanyar Yola, tun Faransawa na mulki, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su sauke gishiri su yi lodin gyaɗa da auduga, ko gaisuwa bai iya da Fillanci ba. Dillali ke yi masa cinikin goro, shi kuma yana gefe yana kallon bakin mutane, sai da tafiya ta yi nisa ya gane rabin ribarsa a aljihun dillalin take kwana. Daga nan ya duƙufa. Ya koya a tasha, ya koya a ƙofar masallaci, ya koya wurin masu tallar nono, yana kwaɓawa ana yi masa dariya. Har ya koma ga Allah in ya buɗe baki ka san Bakano ne, amma ba wanda ya ƙara shiga tsakaninsa da abokin cinikinsa.

'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da ke bin wannan tarihi, ku sani nan ba kamar wajenku ba ne. Daga Gaundare har Marwa Fillanci ne harshen kasuwa. Mutumin Fali in ya gamu da na Giziga ko na Mundang, da Fillanci za su yi ciniki, alhali ba Bafillace ko ɗaya a cikinsu. Faransanci kuwa na lakwal ne, wato makarantar boko, da ofis da duk wata takarda mai hatimi. Ahmadu Ahijo, wanda ya riƙe ƙasar daga 1960 zuwa 1982, ɗan nan Garwa ne, kuma mu da muka tashi a zamaninsa mun ga irin kwarjinin da Fillanci ke da shi a garin. Hausa tana da nata gurbin, ba na musu. Ka je Yawunde, unguwar Birketeri, za ka yini ba ka nemi wani harshe ba, kuma a kudu duk mai doguwar riga da hula Bahaushe ake ce masa ko daga wace ƙabila ya fito. Wannan ne ya ruɗi da yawa daga cikinmu, muka ɗauka duk inda muka je mu za a bi.

Inna kuwa an kawo ta amarya daga ƙauyensu tana yarinya ɗanya, aka shigar da ita gida, kulle ya rufe. Maƙwabtan dama da hagu Hausawa, mai kitso Bahaushiya, ungozoma Bahaushiya, cefane kuma mu yara ke yi. Ta haife mu duka a Garwa, ta aurar a Garwa, amma in kun cire gaisuwar "jam na" da 'yan kalmomin da take sayen nono da su ta bayan ƙyaure, ba ta jin Fillanci. A nan nake da ƙorafi a kan Baba kansa, kuma ina faɗa ne da ladabi, Allah ya haskaka kabarinsa. Mutumin da ya ga abin da bakin aro ya yi masa a kasuwa, ya tilasta wa 'ya'yansa maza su koya, ya bar matarsa a kurma. A ganinsa, da ganin duk mazan zamaninsa, mace ba ta da wata hulɗa da gari, mijinta ne bakinta. Ba su lissafa da ranar da mijin zai kwanta dama ba.

Lokacin da Baffa ya tayar da maganar wani bashi da ya ce yana bin Baba ba na gari. Tun kafin rasuwar Baba an tura ni Injamena wurin Kawu in koyi sayar da yadi, na zo ta'aziyya na koma, ba a jima ba yaƙi ya ɓarke a watan Fabrairun 1979 tsakanin mutanen Hissen Habre da sojojin Shugaba Malum. Yaya Babba yana kudu da shanu, ƙannena maza kuma ba su kai a saurare su a gaban manya ba.

Bari in ɗan tsaya a Injamena, don can ne maganar Baba ta tabbata a jikina. Na sauka garin ina taƙama da Hausa da Fillanci da ɗan Larabcin allo, sai na tarar Larabcin Chadi wani abu ne daban, na kasuwa da titi, ba na littafi ba. Hausawan can tsofaffin zama ne, da yawa zuriyar alhazan ƙafa ne da suka nufi Makka ta Abeshe da Sudan, guzuri ya ƙare suka yada zango, 'ya'yansu kuma Larabci suka tashi da shi. Kawu bai yi mini da wasa ba. Ya hana yaran shago su amsa mini da Hausa, in na tambayi kuɗin yadi da Hausa sai su kawar da kai. Na yi fushi da shi sosai a lokacin. Da faɗa ya sake tashi a watan Maris na 1980, wannan karon tsakanin Habre da Gukuni Weddeye, muka bi ayarin masu gudu zuwa bakin kogin Shari don mu ƙetara Kusiri, ɓangaren Kamaru, a kwalekwale, don a lokacin ba a gina gadar Ngeli ba, sai 1985. A wani shinge masu bindiga suka tsare mu, ana tambayar kowa daga ina, ɗan wa, ina za shi. Na amsa da Larabcin da aka cusa mini dole, na faɗi unguwarmu da layin shagonmu, suka ce in wuce. Wani bawan Allah da ya zo sarin kaya daga Maiduguri ya tsaya yana inda-inda, suka ware shi gefe suka zaunar a rana, sai da Kawu ya koma ya tsaya masa da rantsuwa kafin su sake shi. Wannan bawan Allah ya dace, mai aron bakin nasa mutumin kirki ne. Inna ba ta dace ba.

Ga yadda aka yi, kamar yadda wani dattijon unguwa da ke wurin ya warware mini bayan shekaru, da ciwon ajali ya kama shi yana neman gafara. Baffa ya ce Baba ya ci bashinsa, ya jinginar masa da sashen gabas na gidan, bai biya ba har ya rasu. Aka kira Inna gaban manya, ba ta daɗe da fita takaba ba. Zaman da Fillanci ake yi, sai aka ce a samo tafinta, Baffa ya ce ai ga wane nan a kusa, abokin shan shayinsa. Aka tambayi Inna ko ta san da bashin. Ta ce ta sani, kuma an biya a gabanta, don 'yan kunnenta na zinariya da tasoshinta na aure aka sayar aka cika kuɗin, ta ma ambaci wanda ya saya. Tafinta ya juya ya ce: ta ce ta san da bashin. Iyakar abin da ya isar ke nan. Inna tana zaune lulluɓe tana gyaɗa kai, a zatonta maganarta ce ake maimaitawa. Waɗanda ke jin harsunan biyu a wurin suka sunkuyar da kai, don Baffa mai hannu da shuni ne a lokacin. Daga baya aka kawo takarda da Faransanci, aka kama babban yatsanta aka dangwala.

Kafin in iso Garwa daga Kusiri an ja katanga a tsakar gidanmu, rijiya da bishiyar mangwaron da Baba ya dasa sun faɗa wancan ɓangaren, har an sayar wa wani. Inna ta riƙa aikenmu roƙon ruwa a rijiyar da aka haƙa da kuɗin mijinta.

Ban taɓa jin ta zagi Baffa ba. Abin da take maimaitawa kawai shi ne, "Ni fa na faɗa musu." Har ta tsufa tana faɗin haka.

Abin da ya sa wannan kashi ya zo mini da zafi shi ne wayar da muka yi kwanan baya da ɗan ƙanwata Auta, wanda ke Jamus. Ya kira yana ƙorafi, wai an matsa musu da zuwa ajin koyon Jamusanci, shi kuwa da Faransancinsa da ɗan Ingilishinsa yana aikinsa lafiya, me ya sa za a yi wa mutum tilas. Tun 2005 Jamus ta kafa wa baƙi wannan darasi, awa 600 na harshe, yanzu da ƙarin awa 100 na sanin doka da tarihin ƙasar, kuma mai son zama ɗan ƙasa sai ya kai matakin da suke kira B1. Na bar shi ya gama. Na ce, "Kai yaro, matarka fa, tana zuwa?" Ya ce, "A'a Kawu, ita ai tana gida da yara, duk abin da ake bukata ni nake zuwa." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na ce masa maganar kakansa ce ya ɗauko ba tare da ya sani ba, rabin da bai kamata a gada ba. Na ce ranar da ka kwanta asibiti, wa zai yi wa likita bayani? Ranar da aka aiko takarda daga makarantar yara, ko mai gidan haya ya zo da magana, ɗan shekara bakwai za ta ɗauka ya zama bakinta? Da a ce Inna ta samu hukumar da za ta tilasta wa Baba ya bar ta ta zauna a aji, da yau rijiyar nan tamu ce.

Don haka in aka tambaye ni ko ya kamata baƙo ya koyi harshen garin da ya sauka, ba na jan numfashi, e nake cewa, kuma matar baƙon nake fara nufi kafin shi. Namiji ko bai so ba kasuwa za ta koya masa. Wadda ke cikin gida ita ce ba mai tunawa da ita sai ranar da abu ya ɓaci.

Sai dai akwai masu ɗaukar wannan magana su mai da ita bulala, kuma da su ba na tare. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya tana daka wa wata tsohuwa tsawa a layin karɓar magani don ba ta jin Faransanci, alhali ita ma'aikaciyar tana jin Fillanci sarai, ta dai ƙi ne. Wanda ya ce a koyi harshensa, sai ya buɗe ƙofa, ya yi haƙuri da mai kwaɓawa, ya kuma san tsoho ba ya ɗaukar karatu kamar yaro. Da rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Barno, aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013, wasu ba su zauna can ba, suka gangaro Marwa da Garwa wurin dangi. Mata da yawa sun sauka a unguwarmu, mazansu sun mutu ko sun ɓace, daga Barbarci sai Hausa. Maiɗakina, wadda uwarta Bafillatana ce, ita ta riƙa tara su bayan la'asar a tsakar gida tana koya musu abin da za su faɗa a kasuwa da asibiti, 'yarmu ta biyu kuma tana nuna musu yadda za su rubuta sunansu da lambobi. Ni na sayi alli da tabarmi. Ina alfahari da wannan fiye da shagunan da na buɗe, kuma sharaɗi ɗaya na kafa musu: kada wadda ta sa yatsa a takardar da ba a karanta mata ba, kuma mai karantawar kada ya zama na ɓangaren wanda ya kawo ta.

Wani abin da ke ci mini rai kuma a gidana yake. Jikokina Fillanci da Faransanci suke yi tsakaninsu, in na yi musu Hausa su amsa da "wi". Gidajen Hausawa nawa ne a Garwa da Gaundare da yanzu sunan kawai ya rage, harshen ya tafi? Baba bai ce mu yar da namu ba. A zaurensa, in ka shigo da Fillancin da ya tura ka ka koyo, sai ya ce ka ajiye shi tare da takalminka. Wannan dokar na dawo da ita bana, iyayensu na gunaguni, ban kula ba.

Tafintan nan ya rayu har bayan karyewar sefa ta 1994, a unguwa ɗaya muke, sahu ɗaya muke sallah. Bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ni kuma ban taɓa miƙa masa hannu ba, da ya mutu na bi gawarsa saboda haƙƙin Musulunci kawai. Baffa kuwa sai da duniya ta juya masa baya ya aiko a kira Inna, wai yana son ganawa da ita. Abin da ya faɗa mata da amsar da ta ba shi, da yadda Goggo ta so ta hana zuwan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.