Sana'ar tsara farfajiya: fure ne ke zuwa a ƙarshe

Mutane da yawa sun ɗauka sayar da fure muke yi. Ƙaramin kamfani gare ni na tsara farfajiyar gidaje, ni da 'yan ma'aikata da tsohuwar mota ɗaya ta ɗaukar kaya, kuma in za a lissafa, shebur da diga da baro sun fi komai cin lokacinmu, nesa ba kusa ba. Fure sai ranar ƙarshe yake shigowa, bayan an gama da ƙasa da ruwa.

Galibi maigida da hoto yake tarar ni a waya: ciyawa shar, furanni jere, 'yar hanya ta duwatsu. Nakan duba in yaba, sannan in ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in zaga gidan tukuna." Abin da nake nema na farko shi ne inda ruwan rufi yake zuba da inda yake bi. Lissafinsa ba wuya: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 20, lita 2,000 ce za ta sauko cikin ɗan lokaci, kuma dole ta sami wurin zuwa. In ba a nuna mata hanya ba, gindin gini za ta nufa. Shi ya sa muke ja igiya mu gyara gangaren ƙasa yadda za ta sauka kamar santimita 15 a mita 3 na farko daga jikin bango. Ragowar ruwan ko a tara shi a tanki, ko a kai shi wani ɗan kwari da muka cika da shuke-shuke masu jure jiƙa, ya nutse a hankali.

Daga nan sai ƙasar kanta. Sabon gida ya fi ba mu wahala, domin magina kan binne ɓaraguzan bulo da busasshen siminti su rufe da yashi, ga tifa ta bi ta kai ta danne wurin har diga na tsalle. Nakan sa a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Idan washegari na tarar da ruwa kwance, to babu zancen dashe sai an fasa ƙasar an cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, kuma shi ne wanda masu gida suka fi son a tsallake.

Bishiya kuwa a nan ake yin gardama. Dashen da ke cikin leda bai wuce gwiwa ba, sai uwargida ta ce a sa shi nan kusa da taga don ta riƙa ganinsa. Ni kuma girmansa na shekara goma nake gani. Yawancin saiwar bishiya a cikin santimita 60 na saman ƙasa take, kuma tana bazuwa ta wuce iyakar inuwar rassa, wani lokaci ninki biyu ko uku. Dangin cediya da durumi suna da inuwa mai daɗi, amma saiwarsu na ɗaga daɓe, ta kutsa duk inda bututu ko sokawe ke yoyo. Irin waɗannan, da mangwaro da turare, ba na yarda su kusanci gini ko katanga. In fili ya yi kaɗan, gara a haƙura a sa lemo ko gwaiba ko rumman. Babbar bishiya guda ɗaya ta yamma da gida, inda ranar la'asar ke dukan bango, ta fi guda biyar da aka cusa a lungu amfani.

Yadda ake dasawa ma abin lura ne. Rami ya ninka faɗin ƙasar da ke jikin saiwa sau biyu zuwa uku, amma kada zurfinsa ya wuce tsayinta. An taɓa kirana in duba jerin bishiyoyi da wani ɗan kwangila ya dasa, duk sun tsaya cak, ganye ya yi rawaya. Da na tuge ɗaya sai ga baƙar ledar nan a jikinta, saiwa ta kanannaɗe a ciki kamar gammo, gindin kuma an binne shi da zurfi har ɓawon ya yi laushi yana saɓulewa a yatsa. Mu sai mun yage ledar, mu warware saiwar da ta naɗe, mu bar wuyan bishiyar daidai da fuskar ƙasa. Sannan mu shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewaye don riƙe danshi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture saboda ruɓa da gara.

Ciyawa ba na hana kowa, amma sai na faɗa masa kuɗin ruwanta da lita. A lokacin zafi tana bukatar kamar milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowane murabba'in mita. Fili mai murabba'in mita 50 zai sha lita 1,250 duk mako, ban da aski. Da yawa in sun ji haka sai su rage ta zuwa inda yara za su yi wasa, sauran wurin a zuba tsakuwa da shuke-shuke masu jure fari. Wannan tunani ba sabo ba ne; tun 1981 hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka take yayata tsarin farfajiya mai ƙarancin shan ruwa. Dabara ɗaya daga ciki da nake bi kullum ita ce haɗa masu ƙishi wuri ɗaya, masu juriya wuri ɗaya, kowane rukuni da layin bututunsa mai ɗigo. In aka gwamutsa su, ko dai wannan ya ruɓe ko wancan ya bushe. Haka batun rana: shukar da aka ce tana son rana sosai, sa'a shida ko fiye take nufi, don haka nakan koma gidan da safe da kuma yamma kafin in zana komai.

Hanya da daɓe ba su da dogon bayani. Faɗin mita 1.2 ya ishi mutum biyu su jera, santimita 90 ta ishi baro. Na fi son a jera intalok a kan tsakuwar da aka daddanne da kyau maimakon a malale tsakar gida da siminti, domin ruwa na samun kafar shiga, kuma ranar da bututu ya fashe ɗaga 'yan guda za a yi a mayar.

Tambayar da take sauya zane fiye da kowace ita ce, "Wa zai riƙa kula da wurin?" In aka yi shiru ana kallon juna, na san shingen da sai an yi masa aski duk mako biyu ya fita daga lissafi. In akwai ƙananan yara, nakan cire masu ƙaya daga bakin hanya, da masu farin ruwa mai guba. Ranar miƙa aiki muna barin takarda shafi ɗaya: wane layi ake buɗewa, sau nawa a mako, da gargaɗin kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a aski guda. Rabin kuɗin shigarmu ma daga komawa kula da gidajen da muka yi yake fitowa, shi ya sa ba na dasa abin da na san ni ne zan zo in tuge shi baɗi.